Kafin Ka Ɗauki Dutse: Nasiha ga Samarinmu na Legas

Assalamu alaikum ƙannena da ke neman halal a Legas, na Agege da na Idi-Araba, na Mile 12 da na Alaba Rago, 'yan acaɓa, 'yan ga-ruwa, 'yan jari-bola, masu gadi, masu wankin takalmi, da 'yan dakon da ke sauke kwandunan tumatir tun kafin kiran assalatu. Allah ya sa wa nema albarka, ya mayar da kowa gida lafiya. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san wani ɓangarenta ba zai yi wa wasunku daɗi ba. Ku yi haƙuri ku ji ta har ƙarshe.

Ana cin zalinmu a garin nan, wannan ba mai musawa. A ƙarshen watan Agustan 2019 jami'an gwamnatin Legas suka tare wata babbar mota da ta taso daga Jigawa ɗauke da mutum 123 da babura 48. Aka tsare su, aka watsa hotunansu a intanet kamar an yi babban kamu. Da aka bincika ba a same su da komai ba, aka sake su. Cirani suka zo, abin da iyayenmu da kakanninmu suke zuwa tun ana ce wa garin nan Ikko. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya damar zuwa ko'ina a ƙasar nan ya zauna, sashe na 42 kuma ya hana a ware shi saboda ƙabilarsa ko addininsa ko garin da ya fito. Dattawanmu ba su manta da rikicin Ketu na 1999 ba, ba su manta da na Idi-Araba na Fabrairun 2002 ba, inda aka riƙa bin mutum da adda don kamanninsa kawai.

Amma zaluncin da ya fi cin samarinmu ba ya shiga jarida. Shi ne samamen dare. Mota ta tsaya a gindin gada ko bakin kasuwa, a haske fuskoki da tocila, duk wanda aka samu kwance a kan benci ko kwali a ce hau. Wanda ke da 'yan kuɗi a aljihu ya sauka a hanya. Wanda ke da ubangida, da safe a zo a fitar da shi. Wanda ba shi da kowa kuwa a rubuta masa bayani da Turanci, a ce dangwala, ya dangwala bai san abin da ya amsa ba, a kai shi gaban majistare, a ce a ajiye shi sai wata rana. Wannan "wata rana" ita ta cika gidajen yarinmu. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Gidan yarin Ikoyi an gina shi a 1955 don mutum 800, ya sha ɗaukar ninkin haka sau uku.

Na taɓa shiga neman wani yaro mai wankin takalmi, ɗan wajen Gumel, da aka kwashe a irin wannan samame. Abokan kwanansa sun ci tuwo kwano ɗaya da shi, sun san wurin da yake ajiye akwatinsa, amma ba wanda ya san sunan mahaifinsa. Laƙabi kawai suka riƙe. Ka je gaban kanta ka ce kana neman wane, mai rajista ya ce wane wa? Sai mu yi tsuru-tsuru. Da aka gano shi a wani gidan yari bayan watanni, ƙazuwa ta feso masa a tsakanin yatsu, ƙafafunsa sun kumbura saboda zaman tsugunne, kuma tambayar da ya fara yi mana ita ce ko an gaya wa innarsa, don ta saba jin aikensa duk ƙarshen wata. Ba wanda ya gaya mata, don ba mai lambar gidansu.

Saboda haka ka fara da abu mai sauƙi, ƙanena. Wanda kuke kwana wuri ɗaya da shi ya san cikakken sunanka da na mahaifinka da garinku, ya riƙe lambar wani naka na gida. Kai ma ka haddace lambar mutum ɗaya ko biyu a ka, don wayarka ce farkon abin da za a karɓe. Katin shaidarka ya zauna a jikinka. Ka je Sarkin Hausawan unguwarku ko shugaban ƙungiyar sana'arku ya san fuskarka tun kafin ranar buƙata. In aka kama ɗaya daga cikinku kar ku watse kowa ya kama gabansa. A daren nan ku san ofishin da aka kai shi, da safe ku je tare da babba.

Sannan ka san abin da doka ta ba ka, don wanda bai san haƙƙinsa ba ko an ƙwace ba zai ce an ƙwace ba. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ce wanda aka kama yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, a harshen da yake ji. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ka kuwa san a Legas kotu ba ta yi wa kowane ofishin 'yan sanda wannan nisa ba. Sashe na 36 ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar, kuma in ba ya jin yaren da ake shari'a da shi, tafinta kyauta haƙƙinsa ne. Kar kunya ta sa ka gyaɗa kai a gaban alƙali kana ce "yes sa" ga abin da ba ka fahimta ba. Ka buɗe baki ka ce Hausa kake ji. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka, ko da yake mun san yadda ake yi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama ka a madadin wanka ko maigidanka da ya gudu. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25 ga jami'in da ya gana wa mutum azaba don ya amsa laifi. A nan Legas, gyaran da aka yi wa dokar shari'ar laifuka a 2021 ya hana a jera waɗanda ake zargi a gaban 'yan jarida.

Ba cewa nake ka tsaya kana karanta wa mai bindiga sashe-sashe a bakin titi da tsakar dare ba. Can ka sauke murya, ka bi a hankali, ka riƙe lokaci da wuri da lambar mota a zuciyarka. Wurin magana yana gaba. Gwamnatin Legas tana da ofishin lauyoyin da ke kare marasa ƙarfi kyauta, wanda ake kira OPD, tun shekarar 2000. Akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya tun 1976, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tun 1995. Aikinsu yana da nawa, wani lokaci sai ka yi ta sintiri, amma an buɗe su ne don irinmu. Lokacin zanga-zangar EndSARS ta adawa da zaluncin 'yan sanda a Oktoban 2020 da yawanmu muka ce rigimar 'yan Kudu ce, ba ruwanmu. Bayan harbin da aka yi a Lekki ranar 20 ga wata, kwamitin Mai Shari'a Doris Okuwobi ya zauna shekara guda yana sauraren koke, ya kuma raba diyyar sama da naira miliyan 400 ga waɗanda 'yan sanda suka cuta. Wanda ya rubuta koke shi aka saurara. Mu da muka fi kowa shan mari a shingen hanya, mu nawa muka je? "Allah ya isa" gaskiya ce, kuma Allah isasshe ne, amma faɗinta ba ta hana ka kai ƙara ba.

To, yanzu ga ɓangaren da na ce ba zai yi daɗi ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wa ke kai wa ɗan sanda kuɗin mai don ya je ya ɗauko wanda yake bi bashi? Mu ne. Ɗan'uwanka ya karɓi buhun albasa bai biya ba, ko ya ɗauki babur haya ya kasa kawo balas, sai ka sa a kulle shi kwana uku "ya ji a jikinsa". Doka ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki, kuma akwai cibiyar sasanta jama'a ta gwamnatin Legas da ke yin sulhu kyauta tun 1999, ga sarakunanmu, ga limamai. Kai da ka koya wa jami'i cewa ana iya hayar sa a kan ɗan'uwanka, gobe wani zai yi hayar sa a kanka, kuma farashin ka riga ka tsayar. Wa ke riƙe da yaron shago shekara da shekaru ba albashi, da alkawarin sallama, ranar sallama ta zo a laƙa masa sata? Wa ke ɗauko yarinya 'yar shekara tara daga ƙauye a kawo ta aikatau, tana wanke-wanke har sha biyun dare, ba boko ba allo, kuɗin aikinta kuma yana tafiya hannun dillaliya? Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau. Tun kafin ita Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

Amma mafi muni, wanda shi ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne abin da muke yi in aka yi ihun ɓarawo.

Kun san yadda abin yake. Wani ya ƙwala "Ole!" ko "Ɓarawo!", yaro ya zura da gudu, mai shayi ya bar tukunyarsa, ɗan acaɓa ya jingine babur, mai dako ya yar da kaya. Kafin minti biyar an kayar da shi. An yage rigarsa, wani na dukansa da katako, wani ya ɗago bulo da hannu biyu. Yana ɗaga hannu yana rantsuwa, bakinsa jini, ba mai ji. Can sai ka ga an gangaro da tsohuwar taya, wani ya zuƙo fetur daga tankin babur a gorar ruwa. Waɗanda ba su duka ba sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Ka ja mutum goma daga cikin taron gefe ka tambaye su me ya sata, na wa, wa ya gani. Wallahi da wuya biyu su ba ka amsa iri ɗaya. Wanda ya fara ihun ma sau da yawa ya sulale.

Ina roƙonka don girman Allah, kar hannunka ya shiga wannan, ko da jifa ɗaya, ko da cewa "ku ƙara masa".

A Oktoban 2012, a Aluu ta jihar Ribas, an yi wa ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal irin wannan kisa. Bashi suka je karɓa, aka yi musu ihun ɓarayi. A 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa a kan lamarin, ɗaya daga cikinsu ɗan sanda ne. A doka wanda ya miƙa fetur da wanda ya ƙyasta ashana duk masu kisan kai ne, kuma bidiyon da abokinka ya ɗauka don nishaɗi shi ne shaidar da za a kafa maka.

A watan Mayun 2022, a Lekki, gardama a kan naira ɗari ta kai ga wani taro ya kashe wani matashi mai sana'ar haɗa sauti, aka cinna masa wuta, aka kuma ɗora zargin a kan 'yan acaɓa. Cikin 'yan kwanaki Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sanar da haramta acaɓa gaba ɗaya daga 1 ga Yuni a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland. A Satumba aka ƙara Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Somolu. Babura sama da dubu biyu aka murƙushe a farkon Yunin kaɗai. Da yawanku kun san wanda ya sayar da gona ko bijimi ya sayi ɗaya daga cikin baburan nan. Ni ina ganin hukunta dubbai da laifin 'yan tsiraru ba adalci ba ne, kuma na faɗa a gaban duk wanda ya tambaye ni. Amma ƙofar da aka shigo mana ta ita, taron da ya ɗauki rai a kan naira ɗari ne ya buɗe ta. Wanda aka kashe ɗin kuma ɗan wani ne, mijin wata ne, yana da 'ya'ya.

A ƙarshen Maris na 2025, ana gab da ƙaramar Sallah, mafarauta 16 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su Kano aka tare su a Uromi ta jihar Edo. An ga bindigogin farauta a motar, wani ya ce masu garkuwa da mutane ne, shi ke nan. Aka yi musu abin da na kwatanta a sama, taya da fetur da wayoyi a ɗage. Mun yi kuka, mun yi ta tambaya: me ya hana a miƙa su ga hukuma? Me ya hana a bincika? Wa ya ba su ikon yanke hukunci? Tambayoyin nan daidai ne. Su ne kuma uwar yaron da aka ƙone a bakin kasuwa a kan waya take yi. Su ne iyayen ɗalibar da aka kashe a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato a Mayun 2022 suke yi, kisan da fadar Sarkin Musulmi da kanta ta yi tir da shi. Ba malamin kirki da ya taɓa karantar da cewa taron kan titi yana zama alƙali. Ko a shari'ar Musulunci haddin sata sai da shaidu ko iƙirari, sai kayan sun kai nisabi, sai an ɗauke su daga ma'ajiyarsu, kuma ana tunkuɗe haddi da shubuha. Bayan duk wannan ma hukuncin ɓarawo bai kai kisa ba, balle ƙonawa, wadda Annabi ya ce ba mai azaba da wuta sai Ubangijin wuta.

Wasu samari suna ce mini wai haƙƙin ɗan Adam kayan Turawa ne, an rubuta shi a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1948 don a ɓata mana tarbiyya. Akwai abubuwan da za mu yi jayayya da Turawa a kansu, amma ba wannan ba. Allah ya ce a Suratul Isra'i ya karrama 'ya'yan Adam, bai ce 'ya'yan garinku ba. A Suratul Ma'ida ya ce kar ƙin wasu mutane ya sa ku kasa yin adalci. A hajin ban-kwana Annabi ya haramta jini da dukiya da mutunci. Ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ke zalunci ko shi ake zalunta, da aka tambaye shi yaya za a taimaki azzalumi, ya ce a riƙe hannunsa.

Ka kuma yi tunani a matsayinka na baƙo. A garin da ba yarenka ake yi ba, in ihu ya tashi, wa ya fi kusa da a nuna shi da yatsa? Mai buhu a kafaɗa yana tsintar ƙarfe, mai tura kurar ruwa da ya shiga layin da ba a san shi ba, maigadin da aka yi sata a gidan da yake tsaro. Ba ka da dangi a layin, Yarbancinka bai isa ka kare kanka ba. Abin da ya rage maka a ranar shi ne ƙa'idar nan da ta ce ba a taɓa mutum sai an ji ta bakinsa a gaban alƙali. Duk ranar da ka sa hannu a dukan wani, ita kake raunanawa, kuma kai ka fi kowa buƙatarta.

Na san amsar da za ku ba ni, don na sha jin ta a majalisar mai shayi: in an kai shi ofis gobe za ka gan shi yana yawo, ya ba da cin hanci an sake shi. Yana faruwa, kuma yana da ciwo ga wanda ya tara kuɗin waya wata shida aka fizge ta a cikin danfo. Amma in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Sau nawa ake sakin wanda aka kama don mai kaya bai koma ya ba da bayani ba, shaidu kuma kowa ya ce ba ya son shiga uku? Ɓarawon da ya kuɓuta ana iya sake kama shi. Wanda aka ƙone bisa kuskure fa, wa zai tashe shi? Kuma kai da ka jefa dutse ɗaya cikin ɗari, ranar hisabi ba za a raba jinin gida ɗari a ba ka naka kaso ba. Sayyidina Umar ya kashe jama'a a kan mutum ɗaya da suka taru suka kashe, ya ce da mutanen San'a duka sun haɗu a kansa da ya kashe su gaba ɗaya.

In abin ya faru a gabanka, mintunan farko su ne komai, kafin taya ta iso. Kai kaɗai ba za ka iya tare taro ba, kar ka jefa kanka. Ka ruga ka kira wanda ake jin nauyinsa, shugaban kasuwa, liman, sarkin yanki, ko dattijon da ke da shago a wurin, wani kuma ya kira lambar gaggawa ta 112 ko 767. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku kewaye wanda ake zargi, ku tura shi cikin shago ko masallaci a ja ƙofa. Ku ɗaga murya ku tambaya: ina mai kayan? Me aka ɗauka? Wa ya gani da idonsa? Tambayar nan kaɗai takan sa rabin taro ya yi sanyi, don kowa zai waiga ya ga ba wanda ya sani. In kana da babur a kusa, ka kulle tankinka ka janye shi daga wurin. In 'yan sanda sun zo, mai kaya da shaida su bi su har ofis, su ba da suna, su koma ranar da aka ce su koma. Ku kuma shugabannin tashoshin acaɓa da na kasuwanni, ku sa wannan cikin dokar ƙungiya a karanta wa duk sabon zuwa ranar da ya yi rajista: wanda aka gani ya ɗaga hannu a kan wanda ake zargi, ko ya ba da man babur ɗinsa, ya bar tashar, kuma ƙungiya ba za ta tara masa kuɗin lauya ba.